Amsa: rediyon intanet da ke zaɓo maka waƙa

Ɗan uwa, ka ce ka gaji da waƙoƙin da ke memorin wayarka kuma wani ya ce maka ka gwada Pandora. To Pandora dai manhajar rediyon intanet ce da ke zaɓo maka waƙa, amma a Amurka kawai take aiki, kar ma ka ɓata data. Ita tsarinta masana kiɗa ne ke zama su saurari waƙa su rubuta siffofinta, irin murya, saurin kiɗa, kayan da aka kaɗa, sai inji ya haɗa ka da masu kama da wacce kake so.

Mu nan Spotify ya fi sauƙi tunda ya shigo Najeriya a 2021. Ka buɗe waƙar da kake so ka danna ɗigo ukun nan ka zaɓi rediyon waƙar, shikenan zai ta jero maka makamantanta, kuma duk Litinin akwai Discover Weekly, waƙa 30 da yake ganin za su yi maka. Ni da waƙar jita ɗaya ta Buzayen Agadez na fara, kafin sati biyu wallahi na tsinci kaina cikin mawaƙan Mali da ko sunansu ban taɓa ji ba.

Amma fa sai ka koya masa, wacce ta yi maka ka adana ta, wacce ba ta yi ba ka tsallake da wuri. Kuma kar ka ba yara wayar, ƙanina ya yini yana jin waƙoƙin katun, sai da na yi wata guda ina fama da irin waƙoƙin, Spotify na ta jero min su.