Amsa: Wa zai ci in aka sake karawa?

Malam Bello na Argungu, ka ce wanda ya ci damben farko shi zai sake ci, ko ba haka ba? Ba dole ba ne. Ka bari sai ranar awon nauyi kafin ka yi hasashe.

Dubi 'yan damben boksin Anthony Joshua da Andy Ruiz, da suka kara sau biyu a 2019. A Yuni Ruiz ya gama da shi a turmi na 7. A Disamba, a Saudiyya, Ruiz ya zo da ƙarin kusan kilo 7, Joshua ya rage kusan 5. Ƙiba ta hana Ruiz matsawa kusa, shi kuwa Joshua ya yi ta zagaye yana tsokanarsa da hagu daga nesa har turmi 12 suka cika, ya ƙwato kambunsa da maki. 'Yan gidan kallo dai kisa kawai suke tunawa.