Makullin bonet na asali ko ƙusoshin tsere?

Ɗan'uwa, ka ce makullin bonet ɗin Mustang ɗinka ta 1966 ya saki, kana tunanin huda bonet ka sa ƙusoshi irin na motocin tsere, waɗanda ke leƙowa ta saman bonet a zura musu fil su riƙe shi. Ni dai shawarata, kada ka huda.

Ƙusoshin nan daga filin tsere suka fito. Shelby GT350 ta 1965, wani nau'in Mustang mai gudu, da su ta zo daga kamfani, domin bonet ɗinta na faiba ne, ba shi da nauyi, iska na iya ɗaga shi idan mota ta yi gudu sosai. Bonet ɗin taka kuwa na ƙarfe ne. Ranar da ka yi masa ramuka biyu, fenti ya tsage, ruwa ya samu hanya, tsatsa ta fara ci daga bakin ramin. Mai sayen tsohuwar mota kuma da ya hango su zai rage kuɗi.

Sau da yawa makullin ma bai mutu ba. Kwance shi, ka jiƙa a kananzir, ka goge busasshen giris da ya daskare, ka duba ko sifirin ya gaji. Sai ka daidaita sandar da ke shiga bakinsa har ka ji ƙarar kamawa. Ka kula da ƙugiya ta biyu sosai, ita ce ke tare bonet kada ya tashi ya rufe maka gilashin gaba kana tsakiyar titi.

In kuma bonet ɗin faiba za ka ɗora don tsere, to sa ƙusoshin, amma ka bar makullin a wurinsa, domin wata rana za a manta ba a zura fil ba.