An Yi Maka Tayin "Stake" a Shago? Kada a Sayar da Filin Baba Tukuna

Wasiƙar wannan makon daga birnin Birmingham na Birtaniya ta zo, daga wani ɗan Kano da ke karatun digiri na biyu. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Kawu, barka da aiki. Ina yin awa 20 a mako a shagon kayan abincin Afirka na wani ɗan ƙasarmu. Ya ce ya yaba da riƙon amanata, zai ba ni 'stake' na kashi 15 cikin 100 idan na zuba fam 5,000, na kuma yafe albashin wata shida. Baba ya yarda ya sayar da filinsa ya turo kuɗin, sai wani ɗan'uwanmu ya ce masa ai wannan kalma ta 'yan caca ce. Mene ne ainihin ma'anarta, kuma in karɓa?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin a yi ciniki. Kada ka karɓa yanzu. Ka kira Baba yau ɗin nan, ka roƙe shi ya dakatar da dillali.

Ɗan'uwan naku bai yi ƙarya ba, rabin magana ya sani. Asalin kalmar turke ne, itace mai tsini da ake kafawa a ƙasa don ɗaure dabba ko shata iyakar fili. A bakin masu caca tana nufin kuɗin da mutum ya aza, kuma har a dokar Birtaniya haka ake amfani da ita: a Afrilun 2019 aka rage iyakar abin da za a aza a injinan gidajen caca daga fam 100 zuwa fam 2. Masu harkar kirifto, wato kuɗin intanet, suna faɗinta idan sun kulle kuɗinsu don a riƙa ba su lada. Idan Bature ya ce abu yana "at stake", yana nufin ana iya rasa shi. "Stakeholders" kuwa su ne masu ruwa da tsaki, kuma ma'aikaci yana cikinsu ko da ba shi da ko kwabo a kamfanin. A harkar kasuwanci, wadda ita ce taka, tana nufin kaso a dukiyar. Don haka Baba ya kwantar da hankalinsa ta wannan fuska, haɗa jari ba caca ba ne, kuma shari'a ta san shi.

Abin da ya dame ni shi ne kalmar ba ta faɗi wane irin kaso ba. Mai shago yana iya nufin hannun jari mai rajista, yana iya nufin wani abu daga ribar ƙarshen shekara, yana iya nufin alkawarin baki da zai tuna ranar da ya ga dama. Ukun nan duk sunansu ɗaya a hira, amma a gaban alƙali nisansu ya yi yawa.

Kafin a kai nan ma, akwai bizarka. Bizar ɗalibi ta yarda ka yi aikin albashi har awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana ka sana'ar kanka da gudanar da kasuwanci. Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta fayyace abin da take nufi: idan kana aiki a kamfanin da kake da kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa ko fiye, ko kana riƙe da muƙami irin na darakta, ko ka shiga haɗin gwiwar da ke saye da sayarwa, to ka shiga abin da aka hana. Kai kashi 15 aka yi maka tayi, a shagon da kake tsayawa a bayan kanta. Ranar da sunanka ya hau takarda, ranar ka karya sharaɗin zamanka. Ana iya soke bizar, ana iya ƙin ba ka ta gaba, kuma abin zai riƙa binka duk lokacin da ka cike fom. Wani zai ce a rubuta sunan Baba ko na wani aboki, kai kuma ka riƙa ci ta bayan fage. Ƙa'idar ta riga ta toshe wannan ƙofa, domin hannun jarin da wani ya riƙe maka amana naka ake lissafa shi. Shi ma mai shagon ba zai tsira ba: tun Fabrairun 2024 tarar ɗaukar ma'aikaci ba bisa ƙa'ida ba tana kaiwa fam 45,000 a karon farko, fam 60,000 idan aka maimaita. Wataƙila bai san haka ba. Ka gaya masa, taimakonsa ka yi.

Sai batun yafe albashi, wanda ya fi komai sosa mini rai a wasiƙarka. Dokar ƙasar ba ta yarda ma'aikaci ya yafe mafi ƙarancin albashi ba, ko da ya sa hannu da yardarsa, kuma hannun jari ba ya maye gurbinsa. A farashin Afrilun 2025, fam 12.21 ne a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. Awa 20 a mako na mako 26 ya haura fam 6,300. Ka haɗa da fam 5,000 na filin, ka ga abin da za ka biya ya wuce fam 11,000. Idan wannan ne kuɗin kashi 15, to ana cewa shagon ya kai darajar fam 75,000. Wa ya yi wannan ƙiyasi? Ka ga littafin ciniki? Ka san bashin da masu kawo kaya ke bi, da shekarun da suka rage a yarjejeniyar hayar wurin? Idan ba ka gani ba, cinikin biri a sama ake so ka yi. Kuma a wata shidan nan da me za ka biya haya, ka hau bas, ka ci abinci? Wanda ya yi wata shida ba albashi, a gida zai koma neman agaji, gidan da ya riga ya rasa fili.

Ban ce mutumin nan macuci ba ne. Mun saba a kasuwannin Kwari da Singa na Kano ubangida ya ja yaronsa a jiki, bayan shekaru ya sallame shi da jari, kuma mutane da yawa sun yi arziki ta wannan hanya ba tare da takarda ba. Amma can akwai dattawan kasuwa, akwai liman, akwai surukai da maƙwabta da za su zaunar da wanda ya ci amana. A Birmingham ba ka da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke tsaya wa mutum a nan rubutu ne.

Ga abin da za ka yi a daren nan, kuma kyauta ne. Ka shiga shafin Companies House, ofishin rajistar kamfanoni, ka buga sunan shagon. Idan kamfani ne mai rajista za ka ga daraktocinsa, da masu riƙe da fiye da kashi 25, da lissafin da ya miƙa, da ko an jinginar da kadararsa ga banki, da ko yana makara wajen kai takardu. Idan ba ka same shi ba, wataƙila sana'ar mutum ɗaya ce, kuma a irin wannan babu hannun jarin da za a ba ka sam. Shigarka sai ta zama haɗin gwiwa a ƙarƙashin dokar haɗin gwiwa ta Birtaniya ta shekarar 1890, wadda ba ta buƙatar takarda kafin ta hau kanka, kuma a cikinta bashin shago bashinka ne har aljihunka na gida. Mutane suna murnar an sa su a riba, ba su san an sa su a bashi ba.

Ko da kamfani ne sosai, ka san iyakar ƙarfin kashi 15. Ba za ka iya tilasta a raba riba ba, daraktoci ne ke kawo wannan shawara. Mai shago yana iya ƙara wa kansa albashi har ribar ta ƙare a takarda. Manyan sauye-sauye suna buƙatar ƙuri'ar kashi 75, saboda haka sai mai fiye da kashi 25 ne ke iya taka musu birki, kai ba ka kai ba. Ranar da ka so fita kuma, babu kasuwar da za ka kai hannun jarin ƙaramin shago, mai saye ɗaya ne, shi ne wanda ya sayar maka. Maganin wannan yarjejeniyar masu hannun jari ce da lauya ya rubuta: yadda za a raba riba, haƙƙinka na duba littafi, yadda za a yi wa kasonka kuɗi idan za ka tafi, da abin da zai faru idan ɗayanku ya rasu. Bayan ita sai takardar shaidar hannun jari, wadda doka ta ce a ba da cikin wata 2 da warewa. Kada kuma ka sa hannu a takardar tsaya wa bashin kamfani da sunanka, ko da an ce maka cike gurbi ne kawai.

Yanzu filin. Kana da 'yan'uwa, kuma filin nan wata rana gado ne. Idan aka sayar aka turo maka, kyauta ce, rance ne, ko jarin Baba ne kake juyawa? Kowanne da hukuncinsa. A haɗin jari, riba bisa yarjejeniya ake raba ta, asara kuwa gwargwadon abin da kowa ya zuba. Idan rance ne, ko shago ya rushe sai ka biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta cire ɗa da uba ba. Na ga gidajen da zumunci ya lalace a kan kuɗin da aka tura waje da "ai namu ne duka". Ka kuma tuna naira ce za a canza zuwa fam: filin da aka rabu da shi yau, da wuya kuɗin ya sake sayen irinsa a unguwar bayan shekara biyu.

Ƙofar ba a rufe take har abada ba. Idan ka gama karatu ka samu bizar kammala karatu, wadda sai kana cikin ƙasar da bizar ɗalibi mai rai ake nemanta, an yarda ka yi sana'ar kanka, ka zama darakta, ka riƙe kason da ka ga dama. Shekara 2 ce, 3 ga masu digirin digirgir, kuma gwamnati ta sanar da rage ta farkon zuwa wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Idan mutumin nan da gaske yake, watannin da suka rage ba za su gagare shi jira ba. Ka je ka same shi da ladabi, ka yi godiya, ka ce takardunka ba su ba ka dama ba yanzu, ka ci gaba da awanninka da albashinka ta banki tare da takardar biya. A wannan tsakanin ka tara naka, ka lura da ciniki da idonka.

Kafin ka sake magana da shi, ka biya ta ofishin kula da ɗalibai 'yan ƙasashen waje na jami'arku. Shawararsu kyauta ce, kuma ƙungiyar UKCISA, mai ba ɗalibai 'yan ƙasashen waje shawara, ita ma tana da layin waya na ɗalibai irinka. Idan za ka biya wani a waje, ka tabbata lauya ne mai lasisi ko mai rajista da hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC. Ka tafi da saƙonnin da kuka yi da mai shagon, ka nuna musu yadda ya rubuta tayin da kalmominsa.