Tambaya da Amsa: Gem yana tsaitsayawa, kwamfuta tana ɗaukar zafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka ta buga gem wadda na saya ta hannu bara. Da farko komai lafiya lau, amma tun shigowar bazara, idan na fara wasa sai ya tafi sumul na ɗan lokaci, daga baya hoto ya fara tsaitsayawa, fanka ta riƙa ƙugi, saman madannai kuma ya yi zafin da ba na iya ɗora hannu. Abokaina sun ce matsalar sabis ce, in canza layi, wani mai gyara kuma ya ce in ƙara RAM. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a unguwar Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce kada ka sayi komai tukuna, domin bayanin da ka yi da kanka ya riga ya nuna inda ciwon yake. Tsaitsayawar gem iri biyu ce, kuma ko da yake a ido suna kama da juna, asalinsu daban ne. Akwai wadda intanet ke haddasawa, inda hoto yake tafiya lafiya amma umarnin da ka bayar yake jinkirin isa: ka danna bugun ƙwallo a EA Sports FC ɗan wasa ya buga a makare, ko kuma a PUBG ka ga abokin karawarka ya ɓace daga nan ya ɓullo can. Akwai kuma wadda take fitowa daga cikin kwamfutar kanta, inda yawan hotunan da take zanawa a kowace daƙiƙa yake faɗuwa, ka ce daga 60 zuwa 25, sai allon gaba ɗaya ya riƙa fizga. Hanyar bambancewa ba ta cin ko kwabo: kashe intanet, ka buga gem ɗin da ba ya buƙatar sabis na rabin awa. Idan tsaitsayawar ta dawo, to layinka ba shi da laifi, kuma canza shi asarar kuɗi ce.

A taka matsalar, abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa wasan yana farawa lafiya sannan ya lalace bayan ɗan lokaci, kuma abin ya tsananta ne da bazara. Wannan alama ce ta zafi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin hoto, wato sashen da ke zana hotunan gem, an ƙera su ne da iyakar zafin da ba za su yarda su wuce ba. Yawancin furosesocin Intel iyakarsu tana wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, da yawa daga cikin na AMD Ryzen suna tsayawa a 95, katunan hoto na Nvidia kuwa sukan fara ja da baya tsakanin 83 zuwa 87. Da zarar an kusanci wannan iyaka, na'urar da kanta take rage gudun aikinta don kada ta ƙone, kamar yadda mai dako yake sassauta tafiya a ranar Afrilu don kada ya faɗi. Ragewar nan ita ce kake gani a allo a matsayin tsaitsayawa. Ka tuna kuma cewa fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take ja ta ratsa da ita cikin ƙarfen sanyaya, saboda haka a Kano, inda zafin Maris zuwa Mayu yakan kai digiri 40 har ya wuce, kwamfutarka tana fara aiki ne da iskar da ta riga ta ɗumama ƙwarai, saɓanin ɗaki mai digiri 22 ko 25 da aka saba gwada irin waɗannan na'urori a cikinsa.

Amma kada ka tsaya a kan zato, ka auna. Sauke manhajar awo ta HWiNFO ko ta MSI Afterburner, dukansu kyauta ne, ka sa su nuna maka abubuwa uku yayin da kake wasa: zafin furosesa da na katin hoto, gudun aikinsu, da yawan hotuna a daƙiƙa. Ka lura da daidai lokacin da fizgar ta fara. Idan a wannan lokacin ka ga zafin furosesa ya manne a 95 ko sama, gudunsa kuma ya sauka, misali daga gigahaz 4 zuwa kusan 2, to ka kama ɓarawon da hannunka. HWiNFO ma yana da layi na musamman da yake faɗa maka kai tsaye ko an rage gudu saboda zafi. Game da RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, danna Ctrl da Shift da Esc tare ka buɗe Task Manager, wato tagar da ke nuna yawan RAM da ake amfani da shi, yayin da gem yake aiki. Idan RAM bai cika ba, ƙara shi ba zai warkar da komai ba. Idan gigabait 8 gare ka kuma ka ga ya cika maƙil, mai gyaran yana da gaskiya a wani ɓangare, sai dai ka fara da rufe Chrome da sauran manhajojin da ke aiki a bayan fage kafin ka je kasuwa.

Idan awon ya tabbatar da zafi ne, abu na farko da zan zarga shi ne ƙura. Kwamfutar da ta yi hunturu guda a Kano ba tare da an buɗe ta ba, ba shakka ta sha hazo ta ƙoshi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai gyara a Farm Centre ko titin Beirut lokacin da ya cire fankar irin wannan kwamfuta ya san abin da nake nufi: tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen sanyaya akan tarar da wani dunƙulen ƙura da zare, launin toka, ya kwanta kamar auduga ya toshe mafitar iska, ta yadda fanka take ta ƙugi amma iska kaɗan ce ke fita. Hura iska daga waje ba ya fitar da wannan dunƙule, wani lokaci ma ƙara cusa shi yake yi. Sai an kashe kwamfuta, an cire caja, an buɗe ƙasanta, an zare igiyar batir, sannan a share da buroshi mai laushi a kuma hura. Idan za a yi amfani da bulowa, wato na'urar hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa da ƙarfin iska, domin hakan yana lalata ta.

Abu na biyu shi ne man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, wanda aikinsa shi ne cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce da sauri. Man nan yana bushewa da shekaru, kuma tunda kwamfutarka ta hannu ce, mai yiwuwa ba a taɓa sauya shi ba tun daga masana'anta. A nan nake roƙonka ka yi hattara da wanda za ka ba aikin. A goge tsohon man tas, a sa sabo mai kyau ɗan kaɗan, a ɗaure kusoshin bisa jerin lambobin da aka rubuta a jikin ƙarfen, kada kuma a zubar da 'yan ƙananan katifun roba da ke kan sauran sassan, domin su ma zafi suke ɗaukewa. Ka auna zafin kafin aikin da bayansa da gem iri ɗaya, ta haka za ka san ko kuɗinka ya yi amfani.

Akwai wani abu da masu sayen kwamfuta ta hannu suke yawan mantawa da shi, wato caja. Kwamfutocin gem da yawa suna buƙatar caja mai wat 150 zuwa 230, amma sau da yawa akan haɗa mai saye da ƙaramar caja mai wat 65 ko 90 don kawai bakinta ya shiga. Da irin wannan caja kwamfutar za ta kunnu, amma ba za ta saki cikakken ƙarfinta ba. Duba lambar da ke jikin cajarka ka kwatanta da abin da kamfanin ya tanada wa samfurin. Haka kuma idan aka ɗauke wuta kwamfutar ta koma kan batir, ita da kanta take rage ƙarfi, saboda haka tsaitsayawar wannan lokacin ba lalacewa ba ce.

Kafin ka samu zuwa wurin mai gyara, daina ɗora ta a kan katifa, filo ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Sa ta a kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta da wani abu mai tauri. A cikin saitin gem ka ƙayyade hotuna zuwa 60 a daƙiƙa, ka rage ingancin inuwa, domin katin hoto da aka bari ba linzami yakan yi ta zana hotunan da allonka ba zai iya nunawa ba, ladansa zafi kawai. Kada ka kusanto ta da ƙanƙara ko ka sa ta a firji, saboda raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin haɗari.

Idan kuwa gwajin farko na kashe intanet ya nuna cewa sai kana kan intanet ake samun matsalar, duba lambar jinkirin da gem yake nunawa. Sabobin wasanni da yawa, wato manyan kwamfutocin da gem ɗinka ke haɗuwa da su ta intanet, suna Turai ne ko Afirka ta Kudu, don haka daga Kano jinkirin da ya kai milisakan 100, wato kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ba abin mamaki ba ne. Wanda ke ɓata wasa shi ne mai tsalle daga 120 zuwa 400, kuma maganinsa na farko shi ne haɗa kwamfuta da rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ta kebul maimakon Wi-Fi, tare da dakatar da duk wani abu da ake saukewa a layin lokacin da kake wasa.