Tiyatar Ɗaga Gira Ko Ta Ɗame Fuska: Wacce Ta Dace Da Mai Shekara 29?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 29, kuma kullum ana tambayata ko ban samu barci ba ne, alhali lafiyata ƙalau. Na lura wutsiyar girata ta sauko ta danne fatar idona. Wata ƙawata ta ce a ɗaga mini girar, wata kuma ta ce gara a ɗame mini fuskar baki ɗaya in huta. Wacce zan zaɓa?

Amsa: 'Yar'uwa, shawarar ƙawarki ta biyu ba ta shafi abin da ke damunki ba. Tiyatar ɗame fuska aikinta gyara ƙasan fuska ne, wato kumatun da suka zubo, da naman da ke rataye a gefen muƙamuƙi, da fatar wuya da ta saki, shi ya sa galibin masu yin ta sun haura shekara 40. Likita yakan yanka ta gaban kunne ya zagaya bayansa, ya ja shimfiɗar tsokar da ke ƙarƙashin fata, sannan ya yanke rarar fatar. Mai shekarunki da wuya a samu rarar da za a yanke, ga shi kuma aikin ba ya taɓa gira.

Ita kuwa tiyatar ɗaga gira, ana iya buƙatarta tun da ƙuruciya, domin wasu gadon saukakkiyar gira suka yi. Yawanci ana yin ƙananan yanka ne a cikin gashi, a zura siririyar kyamara a janye fatar goshi sama, kumburin kuma yakan sauka cikin mako 2.

Sai dai kafin ki je ko'ina, ki tsaya gaban madubi ki saki goshinki, ki sa yatsa ki ɗaga wutsiyar girar kaɗan. Idan idon ya buɗe, to girar ce. Idan fatar idon ta ci gaba da rufe saman ƙwayar idon, mai yiwuwa tsokar da ke ɗaga ta ce ta yi rauni, wannan kuwa aikin likitan ido ne. Kada ki yi wannan hukunci da hoton waya, domin kyamarar da aka kusanto da fuska takan sauya kamanninta.

Ni da za ki ji tawa, da kin fara gwada allurar Botox, wadda ke ɗaga gira kaɗan ta kuma gushe bayan wata 3 zuwa 4, don ki ga ko sabon kamannin ya kwanta miki a rai. Tiyata tana iya barin goshi ya rage jin taɓawa na tsawon watanni, ko gashi ya zube a bakin yankan, kuma idan aka taɓa jijiyar da ke motsa goshi, gira ɗaya takan ƙi ɗagawa. Akwai kuma tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda ya fi samun masu baƙar fata. Idan hujin kunne ya taɓa yi miki irinsa, ko kina shan taba, ki fara gaya wa likitan fiɗar wannan tun a zaman farko.