Layin da ba ya juyawa

Sadiƙu, tunda ba a kawo wuta ba, jawo bencin nan ka zauna in biya ka bashin jiya. Ka tare ni da tambaya ina tsakiyar yanka shaf ɗin injin markaɗe, na ce sai mun tashi, mai shaf kuma ya zo ya tsare mu da ciniki har magariba. Cewa ka yi kalma ɗaya ta hana ka sakat. A bidiyon da kake kallo a waya ana ta kurara inji mai aksis biyar, malaminku na ajin yamma a Poli ya zana aksis biyu a allo, a takardar gilashin Baba an rubuta aksis 90, ga 'yan jarida kullum suna cewa an yi kaza a aksis ɗin Birnin Gwari. Wai abu ɗaya ne, ko kalmomi ne suka ƙare wa Turawa?

Ɗauko guntun rodin can ka ɗaure a cok, bakin injin mai haƙora da ke riƙe ƙarfe. Kawo alli. Ɗiga ɗigo ɗaya a fuskarsa, can bakin gefe, sannan ka juya cok ɗin da hannu. Ka ga ɗigon yana kewaye? To sake ɗiga wani kusa da tsakiya. Shi ma yana kewaye, amma da'irarsa ƙarama. Yanzu nemo wurin da in ka ɗiga, ƙarfe zai yi ta juyawa ɗigon yana nan inda yake. Daga wannan wurin ka ja layi a zuciyarka, ya ratsa cikin rodin ya ɓulla ta ɗaya ƙarshen. Shi ne aksis. Ba shi da kauri, ba shi da nauyi, ko ka zagaye Panteka kaf ba mai sayar maka da shi. Shaf ƙarfe ne, ana aunawa a kilo. Aksis kuwa layi ne da ke cikin shaf ɗin. Yara da yawa a kasuwar nan sun shekara goma ba su raba biyun ba.

Kalmar ta Latin ce, asalinta sandar da ƙafar amalanke ke juyawa a kanta, kuma dangi ɗaya suke da aksil ɗin mota. Mu a shago mukan ce santa, ko tsakiya, ko cibiya. Kakarka da ke kaɗi da mazari ta san shi sarai, don mazarin da ya karkace ba ya ba da zare mai kyau, rawa kawai zai yi ta yi. Larabawa ma suna da tasu: ƙuɗubi, wanda asalinsa ƙarfen tsakiyar dutsen niƙa ne, daga nan aka ara wa ƙarshen duniya na arewa da na kudu, aka kuma ara wa babban waliyyi. Ka ga aron kalma ba Turawa kaɗai ke yi ba.

Abin da ya shafi tuwonmu shi ne wannan: duk ƙarfen da ka ɗaura, aksis biyu ne a gabanka. Inji yana da nasa, ƙarfen yana da nasa. Saitin da nake sa ka kana ƙunƙuni, a kwance wannan haƙori a ɗaure wancan, a ɗan ƙwanƙwasa da guduma, duk don biyun su hau kan juna su zama ɗaya ne. In ka kusanto da alli ƙarfe na juyawa, ya taɓa gefe ɗaya ya bar ɗaya, ba su haɗu ba. Ka kuma riƙe lissafin: in santa ta kauce da milimita 1, agogon awo zai nuna maka 2, domin gefe ɗaya ya matso da ɗaya, ɗaya gefen ya ja baya da ɗaya.

Ni da bulala na koyi wannan. Ina kamar shekarunka maigidana ya bar ni da fuli na injin niƙa in buɗe masa rami. Ina sauri in tafi kallon ƙwallo, na duba da ido na ce ya yi. Kaucewar ba ta kai kaurin ashana ba. Amma motar da ke jan injin tana juyi wajen 1,450 a minti, wato kusan 24 a daƙiƙa guda. Ka ƙiyasta a riƙa fizgar bel sau 24 kowace daƙiƙa, tun safe har dare. Ba a rufa sati biyu ba mai injin ya dawo da boris a leda, ya zube su a gaban maigida, sun yi shuɗi don zafi. Maigida bai ce masa komai ba sai haƙuri. Ni ne na ji sauran bayani bayan ya tafi, kuma kuɗin boris daga kuɗin abincina aka cire.

Wani lokaci kuma da gangan ake kaucewa. Dubi kiranshaf ɗin da aka kawo shekaranjiya. Wuraren da ke zaune a kan injin suna kan layi ɗaya, wuraren da hannun fistin ke kamawa an fitar da su gefe. Wannan fitarwar ita ke mai da hawa da saukar fistin zuwa juyi, kuma tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa ninki biyu ce ta nisan da ke tsakanin layukan nan. Lissafin ɗazu ne dai, sai dai a nan shi ake nema.

Na malaminku kuwa, layukan allo ba juyawa ake yi a kansu ba, awo ake yi daga gare su. Ɗaya a kwance, X, ɗaya a tsaye, Y, inda suka gitta sifiri. Da lamba biyu za ka faɗi inda kowane ɗigo yake, kamar ka ce wa mai Keke Napep layi na uku, gida na biyar. Ana jingina dabarar ga wani Bafaranshe, Rene Dekat, da ya wallafa ta a 1637. Abin da ya haɗa su da namu shi ne su ma ba sa motsi, sauran abubuwa ne ke samun matsayi daga gare su.

Injin da ke gabanka ma da su yake aiki, ba a dai rubuta a jikinsa ba. In ka tura wuƙa ta bi tsawon ƙarfe, zuwa cok ko baya, Z ke nan. In ka tura ta ciki wajen tsakiya, X. Kuma ka lura, ka shiga da milimita 1, kaurin ƙarfe ya ragu da 2, don ta ko'ina ake ci. Nawa ka lalata kafin wannan ya zauna maka? Injin da shi wuƙarsa ce ke juyawa ƙarfe na kwance a tebur yana da uku: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Sai a ƙara masa juyi. Juyi a kan X sunansa A, a kan Y sunansa B, a kan Z sunansa C. Mai biyar ɗin da ya tsone maka ido, uku ne na tafiya da biyu na juyi, don wuƙa ta isa kowane lungu ba tare da an kwance aikin an sake ɗaurawa ba. Aiki ne mai kyau, ba na musu, kuma ina so ka koya. Amma kwamfutar ba ta san inda ƙarfe yake ba sai mutum ya nuna mata sifiri. Wanda bai iya saiti da alli ba, in aka ba shi wancan, ɓarnar ce kawai za ta yi sauri.

Akwai wani da masu walda da magina ke rayuwa a kansa, yawancinsu ba su san sunansa ba. Ɗauki falan ƙarfen nan ka lanƙwasa. Bayan yana miƙewa, cikin yana matsewa. To tsakanin mai miƙewa da mai matsewa dole akwai layin da bai ƙaru ba bai ragu ba. Injiniyoyi suna ce masa aksis ɗin 'yan ba-ruwanmu, in na fassara maka da Hausar kasuwa. Naman ƙarfen da ke kusa da shi kusan zaman banza yake yi. Shi ya sa bututu ya fi rodi mai nauyinsa juriyar lanƙwasa, shi ya sa ƙarfen gini mai siffar I yake da faɗi sama da ƙasa, tsakiyarsa siriri. Kankare yana jure matsi amma ba ya jure ja, don haka a linta rodi yake zama can ƙasa inda ake ja. A barandar bene da ta fito waje ba ginshiƙi kuwa, abin juyewa yake yi, saman ne ke miƙewa, rodi sai ya koma sama. Magini ya bar leburori su tattake shi ya kwanta ƙasa lokacin zuba kankare, ya haɗa wa masu gida tarko.

Duniya kuma babban ƙarfe ne a cok. Layinta ya ratsa daga ƙarshen arewa zuwa ƙarshen kudu, tana kammala juyi a awa 23 da minti 56 in da taurari aka auna. Wanda ke kan ɗamararta, inda ta fi kauri, ana gudu da shi wajen kilomita 1,670 a awa, mu nan Kaduna ƙasa da haka kaɗan, wanda ya tsaya daidai kan ƙuɗubi kuwa juyawa kawai yake a wuri ɗaya. Ka tuna in kana share fuskar ƙarfe, kana isa tsakiya wuƙa ta daina ci da kyau, har ta bar ɗan cibiya in ba ta hau santa ba? Dalilin ɗaya ne, a tsakiya babu gudu.

Layin nan a karkace yake da kusan digiri 23 da rabi, kuma karkacewar ce ke kawo sauyin lokutan shekara. Mu muna wajen digiri 10 da rabi arewa da ɗamarar duniya, shi ya sa rana ke bi ta tsakar kanmu sau biyu, a Afrilu da Agusta. A Disamba ta koma kudu, a Yuni ta leƙa arewa. Ka lura da inuwar rumfar nan da azahar, za ka ga tana sauya gefe. Azumin da ya faɗo a Yuni ya fi na Disamba tsawo da awa ɗaya da 'yan mintoci a nan, a Landan kuwa bambancin ya haura awa 8. In ka je ƙauye, dare ya yi sarari ba hazo, miƙa hannu ka dunƙule shi a arewa daidai inda sama ta haɗu da ƙasa. Tauraron da ke saman dunƙulen shi layin duniya ke nunawa, kusan ba ya gusawa, sauran ne ke kewaye shi. Ba kuma har abada zai riƙe matsayin ba. Ka san yadda katantanwa ke yi in ta fara gajiya, tana juyi kanta na lilo? Duniya ma haka take, sai dai lilonta guda yana cin shekara wajen 26,000.

Taɓa ƙeyarka. Ƙasusuwan wuya 7 ne. Na farko kamar zobe yake, shi ke ɗauke da ƙoƙon kai. Na biyu yana da ɗan tsini kamar haƙori da ya shige cikin zoben, kuma likitoci aksis suke ce masa. In ka yi sallama a salla, dama da hagu, kusan rabin juyin a nan ake yinsa. Fin ne da bushi, aikin Ubangiji, ba giris ba saiti. Ta bayansa jijiyar laka ta wuce, shi ya sa in ɗan acaba ya faɗi yana kukan wuya ba a ɗaga shi kai na reto, balle a ce za a murɗa masa.

Na Baba, ai kai ka raka shi Asibitin Ido na Ƙasa da ke nan Kaduna. Gaban idon wasu ba ya zama kamar ƙwallo, sai ya zama kamar bayan cokali, lanƙwasar wani gefe ta fi ta wani. Gilashin da zai gyara wannan dole a san ta wace fuska za a kwantar da shi. Lambar daga 1 zuwa 180 take, 90 a tsaye, 180 a kwance. Ba ƙarfin gilashi ba ce, kusurwa ce. In ya faɗo daga firam mai zagaye kada ka mayar masa yadda ka ga dama, ciwon kai za ka ja wa tsoho.

Saura na 'yan siyasa, su kam aro suka yi. A Nuwamba 1936 Musolini na Italiya ya yi jawabi a Milan, ya kamanta ƙawancen Rum da Balin, wato Italiya da Jamus, da aksis ɗin da sauran ƙasashen Turai za su kewaya. Sunan ya bi su, Japan ta shigo a 1940, aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da su. Kada ka ce abin nesa ne. Sojojinmu sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha, sun yaƙi Japan a dazukan Bama. Barikin Dalet da kake wucewa a Kawo sunan wani wuri ne a Bama, na Chindit a Zariya kuma sunan rundunar da ta yi yaƙi a can. A 2002 Bush na Amurka ya sake tono kalmar ya liƙa wa Iran da Iraƙi da Koriya ta Arewa, alhali Iran da Iraƙi shekara 8 suka yi suna yaƙar juna. In shaf ne wannan, da tuni ya cinye boris.

Na 'yan jarida shi ya fi kowanne sakwarkwacewa. Asali hanya ake nufi, kamar ta Kaduna zuwa Birnin Gwari, da garuruwan da ke jere a gefenta, irin yadda sojoji ke cewa ta wane layi za a shiga. Yanzu ya koma "wajajen" kawai. Har dillalan gidaje sun ɗauka, kana tambayar ɗaki a ce maka akwai a aksis ɗin Barnawa. Ni dai in aka faɗa mini haka nakan ce a nuna mini layin.

Ga fanka ta fara motsi, an kawo. Kwance rodin nan ka ɗaura fulin Alhaji, cok mai haƙori huɗu za ka sa ba mai uku ba. Ka fara da alli, ka gama da agogo, kada ka kunna sai na zo na gani.