Duba lafiyar ɗalibai a makarantar ƙauye: ta ina za a fara?

Tambaya: Ni shugaban wata firamare ne a ƙauye, a Jihar Jigawa. Ma'aikatan lafiya na son zuwa duba idon yara da kunnuwansu, har da cike wata takarda kan halayyarsu. Iyaye sun fara ƙunƙuni, wasu sun ce ranar ba za su turo 'ya'yansu ba. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, ƙunƙunin nan ba a banza ya taso ba. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma yana cikin abin da ya rura wutar ƙin rigakafin shan inna a 2003. Kafin ma'aikaci ya taka makarantar, ku zauna da mai gari da liman da kwamitin SBMC (wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar), a bayyana musu dalla-dalla abin da za a duba. 'Yan mata kuwa mace ta duba su, a keɓe.

Ku fara da abin da ake iya magancewa. Gwajin ido da allon harafin E ake yi daga nisan mita 6. Yaro ya nuna da hannu inda ƙafafun harafin suka fuskanta, ko bai iya karatu ba. A tambayi fitsarin jini, musamman garin da ke bakin fadama, domin yara maza da yawa na ɗaukar tsargiya alamar girma ce, ba sa faɗa. Maganinta praziquantel, kuma da sandar auna tsayi ake ƙayyade yawan ƙwayoyin.

Takardar halayya ce nake ɗari-ɗari da ita. Irin wadda ake kira SDQ mai tambayoyi 25, misali, a Birtaniya aka tsara ta, kuma tana lissafa yaron da ya fi sabawa da manya a kan tsararrakinsa cikin masu matsala. To yaron da ya tashi yana bin babansa gona fa? Wasu takardun ma rashin haɗa ido da babba suke ɗauka alamar cuta, alhali mu tarbiyya muke kiransa. Wanda ake ce wa daƙiƙi, sau da yawa allo ne ba ya gani, ko kunnensa ke zubar ruwa. Wanda ke ƙura ido ya ɗauke wuta na ɗan lokaci, wataƙila wani nau'in farfaɗiya ne, tana da magani a asibiti, ko da an ce iska ce.

Ka tambayi ma'aikatan: yaron da aka ga alama tare da shi, wane asibiti za a tura shi, wa zai biya kuɗin mota? In ba su da amsa, a ɗage takardar halayyar, a yi ido da kunne da tsargiya. Sakamako kuma hannun iyaye kaɗai za a miƙa shi, kada a karanta a gaban aji.